Filin Tambayi Ungozoma: Nonon ne bai isa ba, ko kamun ne bai yi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Haihuwar fari na yi, yau kwana 12, ina gidanmu ina wanka. Yaron ba ya barci, da na cire shi daga nono sai kuka. Kan nonona duka biyu ya tsage, idan ya kama sai na ciji leɓe, wani lokacin har da jini. Kakata ta ce nonon nawa tsinkakke ne, ba ya ƙosar da shi, har ta fara ɗura masa ruwan ɗumi da cokali saboda zafin bazarar nan. Maigidana kuma ya aiko da gwangwanin madara. Ga gidan kullum cike da 'yan barka, ina jin nauyin ba shi a gabansu tunda ɗan fari ne, sai in bari su ragu. Nonona ne ba shi da kyau? — Wata mai jego, daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ina zuwa kan maganar tsagewar nan na tsaya. Lokacin da nake aiki a ɗakin haihuwa, duk mai jegon da ta ce min nono bai isa ba, ga kuma kai ya tsage, ba na tambayarta abin da take ci. Cewa nake yi, zauna ki ba shi in gani. Kusan kullum abu ɗaya nake tararwa: yaro ya riƙe kan nono kaɗai yana tsotsa kamar alewa. A haka ba ya samun abin kirki, dasashinsa na murje fatar, shi yana kukan yunwa, uwa tana kukan zafi, gida kuma ya yanke hukuncin cewa nono ne ba shi da kyau.

Ga yadda za ki gwada yau ɗin nan. Ki jingina bayanki, ki sa matashi a cinya. Cikin yaro ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da kwankwasonsa su miƙe, kar ya kwanta rigingine yana murɗa wuya. Ki goga kan nono a leɓensa na sama, ki yi haƙuri har ya hangame baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi jikinki da hanzari. Shi ake kawowa wurin nono, kar ki sunkuya ki kai masa. Idan ya kama daidai haɓarsa za ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ya kewaye kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa, kumatunsa a cike ba su lotsa ba. Ki kasa kunne, za ki ji haɗiya. In zafi ya ƙi lafawa, kar ki fizge. Ki zura ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ya saki, ku sake. Ko sau biyar ne, ku sake. In ya gama, ki matso ɗan nono ki shafa a kan ciwon, ki bar shi ya sha iska. Ban da sabulu a wurin, ban da man zafi. Ɗan jinin da ya haɗiya ba zai cutar da shi ba.

Kakarki ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta ga nono tsinkakke. Na farkon da ke fitowa duk lokacin da yaro ya kama haka yake, ruwa-ruwa, shi ke kashe ƙishi. Mai kauri da maiƙo yana biyo baya, shi ya sa ake son yaro ya gama da gefe ɗaya ya saki da kansa kafin a juya shi. Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, don haka ko a zafin Gusau na bazara jariri ba ya buƙatar ƙari. Ruwan cokalin nan cika masa ɗan cikinsa yake yi ya rage tsotso, in tsotso ya ragu nono ya ragu, ga gudawa, ga ƙwarewa wajen ɗura. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF nono zalla suka ce har wata 6, a ci gaba tare da abinci zuwa shekara 2, wadda dama ita ce a Alƙur'ani cikin Suratul Baƙara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kuma a abin da na gani da idona, ruwan nan ne ya fi karya mu.

Sai maganar kunya. Ni ma an yi min tarbiyyar nan, har yau ba na kiran sunan ɗana na fari. Amma kara ba ta shiga tsakanin jariri da abincinsa. Yana buƙatar sha sau 8 zuwa 12 a dare da yini, kuma kuka alama ce ta cewa an makara. Tun yana juya kai, yana motsa baki, yana tsotsar hannu ake ba shi. Wanda ya riga ya shiɗe da kuka ba ya kamu mai kyau. Ki roƙi mamarki ko wata gwaggo ta riƙa tarar baƙi, ke ki shige ƙurya, ko ki yafa mayafi ki ba shi. 'Yan barka za su koma gidajensu.

Yadda za ki gane yana ƙoshi: fitsari sau 6 ko fiye a dare da yini, fari ba ja ba, kashi kuma rawaya mai laushi. Sauran hukuncin na sikeli ne. Jariri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya dawo da shi wajen mako biyu, naki kuwa ya kai gaɓar. Cikin makon nan ki je asibitin da kika yi awo da katinsa a auna shi. Kar ki tsaya a awo kaɗai. Ki ce kina so ungozoma ta zauna ta kalli shansa daga farko har ƙarshe, ta kuma duba ƙarƙashin harshensa ko akwai linzami da ke hana shi kamu. Koya wa uwa kamun nono aikinsu ne, yana cikin tsarin asibitoci masu ƙaunar jarirai da aka fara tun 1991, ba alfarma za su yi miki ba. In akwai linzamin, likita ne zai gani, kar a miƙa wa wanzami. Kuma ki tafi da kakar taki. Abin da ba za ta karɓa daga bakin jika ba, za ta saurara in mai farin kaya ta nuna mata.

Gwangwanin maigida a ajiye shi tukuna, kar a buɗe. Madara na da ranarta, amma bayan awo ake yanke wannan, kuma ko ƙari ake buƙata, nononki da aka tatsa a ƙaramin kofi shi ne farko. Kuɗin ya saya miki kifi, ƙwai da gyaɗar kunu. Kunun kanwa dai a sassauta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin wankan zafi da ciwon zuciyar masu jego.

Kar ki jira ranar awo idan ya ƙi kama nono sam, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko idonsa ya yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi, ko fitsari ya ɗauke. Ke ma in nono ya kumbura ya yi zafi ga zazzaɓi, asibiti a ranar, kuma kar ki daina ba shi ta gefen mai ciwon. In kun dawo, ki rubuto min nauyin da aka samu da wanda aka haife shi da shi.