Dalilin da ya sa dafaffiyar hanta ba ta kumfa a gwajin enzayim

Ka tambayi abin da ya sa ɗanyar hanta take tayar da kumfa idan aka zuba mata haidurojin feroksaid a darasin bayoloji, amma dafaffiya ba ta yi. Dalilin yana cikin siffar enzayim ɗin, wato abin da ke hanzarta sauyawar sinadarai a jikin mai rai. Katalas, enzayim ɗin da ke cikin hanta, furotin ne, wato doguwar sarƙar amino asid (ƙananan tubalan da ke gina furotin) wadda ta nannaɗe har ta samar da wani ɗan gurbi, kuma a nan sinadarin yake shiga a farfasa shi ya zama ruwa da iskar oksijin. Iskar ce kumfar da kake gani.

A 1894 masanin kimiyya Emil Fischer ya kwatanta dacewar gurbin da sinadarin da ta kwaɗo da mabuɗinsa, ko da yake a ganina bayanin wani masanin, Daniel Koshland, na 1958 ya fi gamsarwa, domin ya nuna cewa gurbin yakan ɗan sauya siffa ya rungumi abin da ya shigo.

Yawancin enzayim na jikin mutum sun fi aiki a wajen digiri 37 na ma'aunin Salsiyos. Tafasawa tana tsinka raunanan mahaɗan da ke riƙe da naɗin, gurbin ya lalace, kuma ko hantar ta huce ba ya gyaruwa. Sanyi kuwa rage saurin aikin kawai yake yi, shi ya sa hantar da aka ciro daga firji za ta yi kumfa.