Tambaya da Amsa: Yaya Furotin p53 Yake Tsare Jiki Daga Ciwon Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. A ajinmu na koyon aikin jinya an ce mana wani furotin mai suna p53 yana hana ciwon daji ta hanyar sarrafa ƙwayoyin gado. Ta yaya furotin guda zai iya wannan aiki? Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tantanin jikin mutum, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jiki, yakan ɗauki ƙwayoyin gado wajen 20,000, sai dai ba duka ake karantawa a lokaci ɗaya ba, domin akwai furotin na musamman da ke manne wa DNA, wato sinadarin da ƙwayoyin gado ke rubuce a kansa, su ba da izinin a karanta wannan, a bar wancan. Cikinsu ne p53 yake, wanda masana irin su David Lane da Arnold Levine suka gano a 1979, kuma ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom (wato ƙunshin DNA) na 17.

Muddin tantani yana lafiya, wani furotin mai suna MDM2 yana ta rushe p53, don haka ba ya taruwa. Da zarar DNA ta lalace, sai p53 ya yi yawa, guda huɗu su haɗu su zauna a kan wuraren da suka gane. Daga nan yakan buɗe ƙwayar gadon p21, wadda ke tsayar da rarrabuwar tantanin har a yi gyara. Idan kuwa ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya buɗe ƙwayoyin gadon BAX da PUMA, tantanin ya kashe kansa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne p53 da kansa yake buɗe ƙwayar gadon MDM2, wato shi yake kiran mai sallamarsa idan aiki ya ƙare.

Kusan rabin cututtukan daji na ɗan Adam ana samun p53 ɗinsu a gurɓace, ya kasa kama DNA, lalataccen tantani ya ci gaba da hayayyafa. Wannan ya shafe mu a gida: gubar aflatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da aka adana da laima tana sauya ƙwayar gadon p53 a hanta. Ƙwayar cutar HPV kuma tana yin furotin E6 mai rushe p53 a bakin mahaifa, ita ce kuwa Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023.