Ƙarfen kariya ba ya fin inda ya taka ƙarfi

Ka tambaye ni da safe, lokacin da muke cire kujerun Mazda MX-5 ɗin nan don mu ɗaura mata rolba, wato ƙarfen kariya mai siffar baka da ke tsare kan direba in mota ta kife: "Maigida, tunda ƙarfen da kaurinsa, notinan kuma masu ƙarfi ne, me zai sa mu wahala da farantan ƙasa? A huda a ɗaure mana." Hannuna na cikin aiki a lokacin, shi ya sa na ce ka bari. To zauna ka ji.

Ɗauki wannan guntun da na yanko daga bodin wata mota. Lanƙwasa shi. Ka ga da yatsu biyu ma ya bi ka? Langa-langa ne, kaurinsa bai fi milimita 1 ba. Shi kuwa bututun rolba da ke jingine can faɗinsa inci 1.75 ne, naman jikinsa wajen milimita 3. Ranar da mota ta yi adungure, nauyinta duka zai sauka a kan bakan nan, ya gangaro ta ƙafafunsa. Bututun ba zai karye ba. Ƙafar ce za ta ɓula bodin ta wuce, kamar ka taka gwangwani da tsinin ƙarfe. Na taɓa ganin wadda aka ɗaure da wosha kawai a ƙasa: ƙarfen lafiya lau, ko lanƙwasa babu, amma ya nutse har ya yi daidai da kan kujera.

Aikin farantin ke nan. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, bodin a tsakiya sun matse shi, sai nauyin ya bazu maimakon ya taru a bakin rami. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, a ƙa'idarta ta kejin kariya ta ce kowace ƙafar baka ta samu aƙalla noti 3, kada su gaza M8, wato kaurin milimita 8, masu lambar ƙarfi 8.8, a kan farantin da ya kai milimita 3 kauri da murabba'in santimita 120. Ba don ado suka rubuta ba. Duba kan kowane noti ka ga lambarsa. Wanda ba lamba, jefa shi kwandon shara, ko da sheƙi yake yi.

Sai maganar huji, inda yara irinku suka fi ba ni tsoro. A wannan motar tankin mai yana nan bayan kujeru, ƙarƙashin dandamalin da ƙafafun baya za su taka kusa da shi. Ga bututun mai, ga na birki, ga wayoyi suna bi ta ƙasa. Kafin bakin injin huji ya taɓa ƙarfe, ka leƙa ka gani da idonka, ka kai hannu ka shafa bayan wurin. Cire kan batir tukuna. Sa wa bakin injin abin tsayarwa yadda ba zai zarce ba idan ya ɓula. Fara da ƙaramin baki, sannan babba. Ka goge kaifin ramin, ka shafa fenti, in ba haka ba tsatsa ce za ta fara cin wurin da muke so ya fi ko'ina ƙarfi.

Kuma kada ka huda komai sai ƙarfen ya zauna a mazauninsa, mun ɗaga rumfar motar mun sauke ta ba ta goga ba, kujera ta koma baya yadda mai ita yake tuƙi. Notinan duka a zura su sako-sako, kowanne ya kama zare da hannu. Ka ɗaure ɗaya tamau tun farko, na ƙarshe zai ƙi shiga, kai kuma ka ɗauko guduma, na san halinka. In duk sun shiga, sai a bi su a gicciye da sifana mai awo, daidai lambar da ke takardar kamfanin da ya ƙera ƙarfen.

Idan mai motar ya zo, zai zauna da hular kwano a kansa, mu ɗora sanda daga saman bakan zuwa saman gilashin gaba. Hular ta taɓa sandar, aiki bai yi ba, sai a sauke kujera. Masu shirya tsere da yawa ma suna son hular ta kasance inci 2 ƙasa da saman bakan. Duk inda kai zai iya buguwa kuma a naɗa soso mai tauri, irin mai shaidar ingancin kayan tsere ta SFI 45.1. Wancan laushin da ake naɗa wa bututun ruwa ba ya tare komai, kuma a titi mutumin nan ba hula yake sawa ba.

Tashi ka ɗauko fitila da alli, ka shiga rami. Ina so ka zana min inda bututun birki ya bi kafin in miƙa maka injin.