Tayar dubu 20 ko ta dubu 60? Amsa ga mai Hiace a Garwa

Wani ɗan kasuwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hiace, na cire kujerun baya ina ɗaukar shinkafa da sukari da fulawa ina kai wa masu shaguna a Pitowa, Figil da Gidar. Nakan ɗora buhu 30 na kilo 50. Tayoyin baya sun dame ni da fashewa. Mai taya ya nuna mini sabuwa, 195R15C, sefa dubu 60 guda, ya kuma nuna mini okaziyo ta Turai, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita, 195/80R15, dubu 20, zanenta kamar ba a taɓa hawa ba. Ya ce girmansu ɗaya. Jarina ba shi da yawa. Wacce zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare gaba, ya ƙara albarka a nema.

Mai tayar bai yi maka ƙarya ba da ya ce girmansu ɗaya. Duka biyun faɗinsu milimita 195 ne, kuma duka suna hawa wili mai inci 15. Abin da bai faɗa maka ba yana nan rubuce a jikin tayar. Ka koma shagon, ka durƙusa, ka goge ƙurar da ɗan yatsa, ka karanta lambar da ke biye da girman. A irin sabuwar da ya nuna maka yawanci za ka ga 106/104, sai harafi ɗaya a bayanta. A okaziyon kuwa mai yiwuwa 96 za ka gani. Wannan ƴar lambar ita ke faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka, kuma a wajen mai ɗaukar kaya ta fi sunan kamfani da kyan zane muhimmanci.

Lambar ba kilo ba ce kai tsaye, akwai jadawalin da kamfanonin taya suke bi tare. Lamba 91 kilo 615 ke nan, 96 kilo 710, 100 kilo 800, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060. To ka ga tayar dubu 60 tana ɗaukar kilo 950, ta dubu 20 tana ɗaukar 710. Bambancin kilo 240 ne a kowace ƙafa, kusan buhu biyar. A ƙafa huɗu ya tasam ma tan guda. Lamba ta biyu, wato 104 ɗin, ta motocin da ake haɗa musu taya biyu-biyu a baya ce, inda kowace ke komawa kilo 900. Motarka mai taya ɗai-ɗai ce, don haka ta farkon ce taka. Harafin ƙarshe na gudu ne: R kilomita 170 a awa, S 180. Wannan bai kamata ya ɗauke maka hankali ba, ba na jin Hiace ɗauke da shinkafa za ta kai can.

Harafin C da ke manne da 15 shi ne alamar cewa an ƙera tayar don motar kasuwanci. Gefenta ya fi kauri, zaren cikinta ya fi ƙarfi, tana kuma jure iska mai yawa. Sau da yawa za ka ga 8PR a gefe, wato ma'aunin ƙarfin zarenta. Okaziyon da aka nuna maka daga ƙaramar mota aka ciro ta, motar da ke ɗaukar mutum huɗu da jakunkunansu a kan titi mai laushi cikin sanyi. Duk wanda ya saye ta don zane ya ɗora mata buhu 30, kallon kitse ya yi wa rogo.

Yanzu mu yi lissafin motarka, domin a nan ne nake son ka tsaya da kyau. Mu ƙaddara ita kanta, ba kaya, kilo 1,800 ce. Buhu 30 kilo 1,500. Kai da direba da yaron mota, a ce kilo 200. Jimla 3,500. Da a ce nauyin yana rabuwa daidai, kowace ƙafa za ta ɗauki 875. Amma ba ya rabuwa daidai, tunda kayan a baya suke zaune. In ƙafafun baya suka ɗauki kashi 60 cikin 100, kilo 2,100 ke nan, kowace taya 1,050. Okaziyo mai 710 an ɗora mata ƙarin kilo 340 a kan iyakarta. Shi ya sa na baya ne suke fashe maka, na gaba suna lafiya.

Ga kuma maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba: ko sabuwar mai 950 wannan lodin ya fi ƙarfinta. Za ta fi jimrewa, ba shakka, amma ita ma kana cin ranta ne a hankali. Canjin taya kaɗai ba zai raba ka da matsalar ba muddin buhu 30 na nan.

Ka ɗauko kart-giris ɗin motar, wato takardar rajistarta. A ciki akwai nauyinta ba kaya, da jimlar nauyin da aka yarda ta kai da kaya, wanda ake rubutawa PTAC. Ka cire na farko daga na biyu, ka sake cire nauyin mutanen da ke ciki, abin da ya rage ka raba shi da 50. In misali jimlar 3,000 ce, motar 1,800, mutane 200, to buhu 20 ne haƙƙinta. In ka sami sikelin da ake auna motoci, ka roƙi arziki ka ɗora ƙafafun baya kaɗai da lodinka na kullum. Lambar da za ka gani ta fi duk ƙiyasina gaskiya, kuma bai kamata ta wuce 1,900 ba ko da sababbin tayoyin.

Na san abin da ke ranka: buhu goman nan da nake cewa a sauke, a cikinsu ribar take. To mu duba. Pitowa nan kusa take da Garwa, sawu biyu bai fi ɗan ƙarin mai ba, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci kuma kana iya samo lodin dawowa. Figil da Gidar ne masu nisa, Gidar wajen kilomita 100, kuma a doguwar tafiya ne taya ke ɗaukar zafi. A can ka rage buhu, ka cika gurbin da kaya marasa nauyi masu riba, irin su katan-katan na biskit, taliya, ashana da sabulu. Mota na iya cika maƙil ba tare da ta yi nauyi ba. Buhunan kuma a jera su daga bayan kujerar direba zuwa tsakiya, kada a jibge su bakin ƙofar baya.

Batun kuɗi: huɗu sababbi dubu 240, huɗu okaziyo dubu 80. A ranar saye bambancin dubu 160 yana da zafi, ban raina shi ba. Sai dai farashin taya ana raba shi ne da watannin da ta yi tana aiki. A ce okaziyo na yi maka wata uku a ƙarƙashin kaya, sabuwa na yin shekara: a ƙafa ɗaya ka kashe dubu 80 a shekara maimakon 60. Ka sa naka lissafin a wurin nawa, kai ka san watannin da naka suke yi. Ban ma sa kuɗin faci ba, da ranar kasuwar da ta wuce ka kana gefen titi, da mai shagon da ya gaji da jira ya koma wa wani dila. Tayar baya in ta fashe da lodi a kan gudu, motar takan yi wutsiya, wani lokaci ta kife. Ka fi ni sanin kuɗin buhu 30, ga kuma rayuka uku a ciki, ɗaya ɗan mutane ne da aka ba ka amana.

In jarin bai kai huɗu ba, ka sayi biyu sababbi masu C ka sa a baya, iri ɗaya, lamba ɗaya. Na gaban su biyo baya da zarar hali ya samu, su ma masu C. Kada ka haɗa mai 106 da mai 96 a gefe da gefe. Daga nan ka riƙa cire wani abu a kowane sawu, ko dubu ɗaya ce, ka ajiye da sunan taya, kamar yadda kake cire kuɗin mai. Mota na cin taya kullum, ko da biyan sau ɗaya ake yi a shekara, kuma ya kamata wannan ya shiga farashin da kake ba masu shaguna.

Ban ce duk okaziyo banza ce ba. Akwai masu C a cikinsu, daga motocin kaya aka ciro su. In dole ta sa, ka nemi irin wannan, sannan ka duba shekarunta. A gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba na bushewa ko ba a hau ta ba. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta wuce shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire. Ni dai a zafinmu ba zan ba mai ɗaukar kaya shawarar ya sayi wadda ta wuce 5 ba. Ka sa a ɗago maka ita cikin rana, ka matsa gefenta da hannu ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe, ka shafa cikinta ka ji ko akwai tsohon faci ko kumburi. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jikinta, tayar lokacin sanyi ce, robarta mai taushi, kwaltar Afrilu za ta lashe ta nan da nan. Wannan duba na shekaru ka yi shi har a kan sabuwar, domin akwai wadda ta daɗe a sito.

Saura iska, wadda ita ce ainihin mai ɗaukar kayan. Kilo 950 ɗin nan sai tayar tana da cikakkiyar iskarta, wajen kilo 4 da rabi a ma'aunin mai faci ga irin wannan tayar, kuma adadin yana rubuce a gefenta kusa da MAX LOAD. In aka ba ta kilo 2 da rabi irin na tasi, ka biya kuɗin mai ƙarfi ka sami aikin marar ƙarfi: gefenta zai riƙa lanƙwashewa, ya yi zafi, zaren ya saki. Ka duba ƴar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba in tana nan, tana faɗin iskar gaba da ta baya da lodi. A auna da safe kafin a tashi, da ma'auni. Bugun taya da ƙarfe a ji ƙara ba ya nuna rabin kilo da ya ragu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, in kun tsaya a hanya za ka ga iskar ta hau. Haka take yi, kada direba ya rage ta, a nemi inuwa a huta ta sauka da kanta.

Safayar ma ta zama mai C, da iskarta a cike, domin ranar da za ka neme ta motar tana ɗauke da kaya ne. Allah ya kiyaye hanya, Alhaji.