Amsa ga ɗan'uwa mai shirin tafiya bincike ƙauyukan Salaga a Gana

Malam ka ce za ka yi wata uku a yankin Salaga kana bin tarihin fataken goro, kana tambayar me za ka tanada, kuma ko Hausarka ta ishe ka ba sai da tafinta ba. To na zauna a wajen nan kan aiki irin naka, bari in faɗa maka abin da na gani.

Maganar Hausa tukuna, don nan ne mutanenmu ke ruɗuwa. Eh a cikin garin Salaga da zango za ka yi ciniki da hira da Hausa ba matsala, har ka manta ba a gida kake ba, ga koko da ƙosai da safe ga tuwon zafi da dare. Amma ƙasar ta Gwanjawa ce, sarautar yankin tana Kpembe nan kusa da garin, kuma da ka fita ƙauye sai ka tarar da Nawuri da Nchumuru da Konkomba, kowa da yarensa da nasa labarin. In ka tsaya kan Hausa kaɗai to tarihin 'yan zango za ka kwaso ka dawo kana cewa tarihin Salaga ne. Don haka ka nemi tafinta, kuma ka lura ɗan wane gida ne, saboda an yi rikicin Nawuri da Gwanjawa a 1991 da 1992 wajen Kpandai, ga babban yaƙin 1994 da ya shafi Konkomba, waɗanda suka gani da idonsu suna nan da rai. Dattijo in ya ga yaron ɗaya ɓangaren zaune gefenka zai yi ta maka murmushi yana ba ka labarin doya har la'asar, ba abin da za ka samu. Ni wani ƙauyen ma canza tafinta nake yi gaba ɗaya.

Shiga gari kuma da tsari. Ka fara da mai masauki na kirki, shi zai kai ka wajen sarkin zango da liman, daga nan fadar sarki, ka riƙe goro da ɗan abin da za a ɗora a kai, ka cire takalmi, kuma ba kai za ka yi wa sarki magana kai tsaye ba akwai mai isar da magana. Kar ka raina kansilan unguwa da suke kira asambiliman, mutumin nan shi ya san wane tsoho ne hankalinsa ke nan daram, wane ne zai ƙirƙiro maka labari don kuɗin shayi. Takardar gabatarwa daga jami'arka dole ne, in ka samu wani malami a jami'ar Gana da ke Legon ko jami'ar UDS ta Tamale ya ƙara maka tasa ya fi.

Kwanakin farko ka bar rikoda cikin jaka wallahi. Ka je sallar asuba, ka zauna majalisa, a yi rasuwa ka je gaisuwa, su gama tambayarka ɗan wace unguwa ne kai a Kano. Ita kuma takardar amincewa da kwamitin jami'a ke cewa a sa hannu, tsoho yana ganin takarda da biro tunaninsa maganar fili ce ko kotu, gara tun kafin ka taso ka nemi su yarda maka ka ɗauki amincewar da baki a rikoda.

Sai maganar bauta, wadda ba yadda za ka yi ka kauce mata tunda Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro, rijiyoyin ma suna nan za a kai ka ka gani. Amma kar ka kuskura ka tambayi mutum asalin kakansa a gaban jama'a. Ana zaune lafiya an yi auratayya, kowa ya san na kowa ba a dai faɗa. Wanda zai gaya maka zai gaya maka da kansa, yawanci da dare in an watse.

Wani abin da zai rage maka wahala, bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 garin ya watse, malamai da 'yan kasuwa suka bazu Kete Krachi da Yeji da sauran zangunan kudu. Alhaji Umaru ma, shahararren malamin da ya zauna Salaga, haifaffen Kano, a Kete Krachi ya ƙare rayuwarsa a 1934. Ma'ana takardun da kake nema da yawa ba a Salaga suke ba, sai ka bi zuri'ar. Tsohon garin Krachi kuwa ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo. Ka leƙa tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar nazarin Afirka a Legon da ma'ajiyar takardun gwamnati ta Tamale kafin ka shiga ƙauye, za ka san sunayen gidajen da za ka tambaya. In malami ya buɗe maka gafaka ko akwatin ƙarfe, ka ɗauki hoto a gabansa, kar ka ce a ba ka aro, sannan ka buga masa kwafi mai kyau ka kawo masa, wannan kaɗai ya sa an kira ni an buɗe min wani akwatin da da aka ce babu.

Lokaci kuma ka nufi rani, daga Nuwamba zuwa Maris, da damina hanyoyin ƙauye sai babur shi ma da addu'a, mutane kuma duk suna gona. Ka bi ta Accra ka hau zuwa Tamale, ko daga Kumasi zuwa Yeji ka tsallake tafkin Volta da fanton, wato jirgin fito, zuwa Makango, hanyar Nijar da Burkina a halin tsaron nan ban ba ka shawara ba. Katin rigakafin shawara kar ka manta, a boda za a tambaya. Gidan sauro, maganin maleriya, fawa banki biyu, layin MTN da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, amma ka riƙe ƙananan sidi a hannu don ƙauye ba canji. Duk dare ka kwafe hirarrakinka a filashi, in ka shigo gari ka samu netwok ka tura su intanet.

In ka sa ranar tafiya ka min magana ta inbok.