Na auna na samu 180, me ya sa Malam ya ce ban kawo hujja ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, baɗi zan zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. An ba mu aiki mu tabbatar cewa kusurwoyi ukun alwatika idan an haɗa su digiri 180 ne. Na zana alwatika huɗu na auna su. Uku sun ba ni 180, ɗaya 179. Malaminmu ya soke aikin da jan biro, wai awo ba hujja ba ne. To in awo bai isa ba, me zai isa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Na san zafin jan biro, amma malaminki bai zalunce ki ba. Mu fara da 179 ɗin nan. Yaya aka yi kika san hannunki ne ya goce, ba ƙa'idar ce ta karye ba? Kin sani ne don tun kafin ki ɗauki ma'auni kin riga kin yarda da 180. Kuma ko da duk huɗun sun fito daidai, alwatika ba ta ƙirguwa, ta biyar fa?

Gwada wannan a bayan littafinki. Zana da'ira, ki sa ɗigo biyu a bakinta, ki haɗa su da layi: ta rabu gida 2. Ɗigo uku, kowane haɗe da ɗan'uwansa, gida 4. Huɗu, gida 8. Biyar, gida 16. Kowa zai rantse shida za su ba da 32. Ƙirga a hankali: duk yadda kika jera su ba za ki wuce 31 ba. Sau huɗu tsarin yana tafiya lami lafiya, a na biyar ya watsa miki ƙasa a ido.

Ga abin da malaminki yake nema. Kira alwatikar ABC, BC a ƙasa, A a sama. Ja layi ta kan A wanda yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da BC, ba za su taɓa haɗuwa ba. Yanzu a gindin A akwai kusurwoyi uku jere a kan miƙaƙƙen layi, jimlarsu 180. Ta tsakiya ita ce kusurwar A ɗin kanta. Ta hagu kuwa, bi ta da yatsa daga sabon layin, ki gangaro ta AB, ki kwanta a kan BC: yatsanki ya rubuta harafin Z, ko Z a juye. Kusurwoyi biyun da ke lungunan Z daidai suke da juna muddin layin sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, don haka ta hagu daidai take da kusurwar B. Haka ta dama da kusurwar C. Ke nan A da B da C sun cika 180. Lura, ban faɗi tsawon ko gefe ɗaya ba. Shi ya sa maganar ta hau kan kowace alwatika, ta allo da ta filin gona.

Wannan salo tsoho ne. Uƙlidis, masanin lissafi Bagirke, ya tsara shi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cikin littafi mai kashi 13, aka mayar da shi Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid. In kina da kawu da ya karanta manɗiƙi a zaure, tambaye shi, zai gane hanyar nan take.

Tarkon da ya fi cin ɗalibaina shi ne juya magana. Duk wanda yake Garwa yana Kamaru, gaskiya ne. Duk wanda yake Kamaru yana Garwa? Mutanen Marwa da Ngaundere za su yi miki dariya. Juyayyar magana tana bukatar tata hujjar daban. Wani lokaci tana tsayawa: magini ya kafa turaku, ya auna santimita 60 a igiya ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba shi 100 ya san kusurwar ɗakin ta tsaya a digiri 90, domin 60 sau 60 (3600) da 80 sau 80 (6400) sun ba da 100 sau 100 (10000). Ba ƙa'idar Pitagoras, mai cewa in kusurwa ta tsaya a digiri 90 wannan lissafin zai fito, ya yi aiki da ita ba, juyinta ne, kuma Uƙlidis sai da ya tabbatar da shi daban. Rikita su biyun yana cinye maki a banza.

A takardar jarrabawa, bi matakan nan uku da ake koya muku da Faransanci, "on sait que", "or", "donc": abin da aka ba ki, ƙa'idar da kika jingina da ita, sannan abin da ya biyo baya. Kada ki rubuta "a zane ana gani".

Ga aikin gida: zana siffa mai gefe huɗu, ki tsaga ta da layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ki nuna jimlar kusurwoyinta 360 ce. Bar ma'aunin a jaka.