Amsa ga ɗan'uwan da ke son ɗaura sinokel a motarsa ta shiga daji

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana da a-kori-kura mai injin dizal mai ja da ƙafa huɗu, kana son ka ɗaura mata sinokel, wato bututun nan da ke hawa ta gefen gilashin gaba domin inji ya riƙa shaƙar iska daga sama. Ka tambaya ko za ka iya yin aikin da hannunka, ko zai ba ka damar ratsa ruwa mai zurfi, da kuma ko gaskiya ne yana ƙara wa inji ƙarfi. Na ɗaura shi a motocina guda biyu, na kuma taya abokai ɗaura nasu, don haka zan gaya maka abin da na gani da idona. Za ka iya yin aikin da kanka idan kana da haƙuri da kayan aiki, amma ka sani tun yanzu cewa amfanin sinokel ba ya cikin bututun da mutane ke hangowa daga waje, yana cikin mahaɗun da ke ɓoye tsakanin madigadi da akwatin filtar iska, kuma a nan ne yawancin masu ɗaurawa suke yin sakaci.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake tsoron ruwa haka. A yawancin motoci, bakin da inji ke jan iska ta cikinsa yana bayan fitilar gaba ne ko a cikin madigadi, wurin da ruwa ke saurin kaiwa da zarar hancin mota ya nutse. Inji mai lita 2.8 da ke juyawa sau 2,000 a minti yana jan iskar da ta kai lita 2,800 a kowane minti, tun kafin a lissafa abin da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ke ƙarawa, saboda haka duk ruwan da ya zo bakin bututun, zuƙe shi zai yi nan take. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. A irin wannan inji mai silinda huɗu, kowace silinda tana ɗaukar kusan mililita 700, amma idan fistin ya hau ƙololuwa, filin da ke rage masa bai wuce mililita 50 ba, domin dizal yana matse iska ninki goma sha biyar ko fiye. Ke nan ko ruwan da bai cika tafin hannu biyu ba, zai iya tare fistin a hanya, kuma tun da ƙarfin juyawar injin dole ya sami inda zai sauka, sai kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci har ya fasa jikin injin. Injin dizal ya fi na fetur shiga wannan haɗari, saboda filin da ke saman fistin ɗinsa ya fi ƙanƙanta.

Game da ƙarin ƙarfi, ban ga wani bambanci da zan iya rantsuwa a kansa ba, kuma ba na ba ka shawarar ka saya don wannan. Abin da na tabbatar shi ne raguwar ƙura. Iskar da ke kusa da rufin mota ta fi ta cikin madigadi tsabta, domin tayar gaba tana tayar da ƙura daidai inda tsohon bakin yake, kuma bayan na ɗaura nawa na ga filta tana daɗewa kafin ta toshe. Kan sinokel iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baki da ke fuskantar gaba, wanda aka yi wa ƙananan tsaga a gefe ko a baya domin ruwan sama ya fita kafin ya gangara ciki, akwai kuma mai kama da kwano, wanda ke juya iska domin ƙura mai nauyi ta rabu da ita. Idan yawancin tafiyarka a ayari ce, kana bin bayan wasu motoci cikin ƙura, na biyun ya fi dacewa da kai.

Wajen saye, ka nemi wanda aka ƙera wa samfurin motarka da shekararta da irin injinta, domin ko a samfuri ɗaya akwatin filta yakan bambanta tsakanin dizal da fetur. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Safari da TJM na Ostireliya, suna yin nasu da roba mai kauri wadda ke jure zafin rana, kuma suna haɗawa da takardar awo da ke nuna inda za a huda. Na jabu sukan yi kama da na asali a ido, amma takardar awonsu takan kauce da 'yan milimita, robarsu kuma takan bushe ta tsage bayan ta sha rana. Haka nan ka kula da cewa wasu bututun da ke zuwa a jikin mota tun daga masana'anta an yi su ne don rage ƙura kawai, mahaɗunsu ba a liƙe suke ba.

Ranar aiki, ka ware yini guda, kada ka sa wa kanka gaggawa. Ka fara cire kan batir, ka cire robar da ke cikin madigadi da akwatin filta, ka kuma zare na'urar auna iska idan motarka tana da ita, ka ajiye ta inda ƙura ba za ta taɓa ta ba. Sai ka leƙa bayan ƙarfen da za ka huda, ka tabbata babu waya ko tankin ruwan wanke gilashi a wurin. Ka rufe madigadi da tef na takarda domin kada fenti ya karce, ka ɗora takardar awo ka daidaita ta da gefen ƙofa da layin bonet kamar yadda aka nuna, sa'an nan, kafin ka taɓa diril, ka ɗauko sinokel ɗin kansa ka kara shi a jikin motar ka ga ko ramukansa sun yi daidai da alamomin da ka yi. Wannan dubawa ta biyu ita ce ta cece ni a mota ta biyu, inda na tarar da rami ɗaya ya kauce da kusan milimita 5. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, don haka gara ka ɓata rabin awa kana aunawa.

Ka buga ɗan tabo a tsakiyar kowace alama domin kada bakin diril ya zame, ka fara da ƙaramin rami, sa'an nan ka faɗaɗa. Babban ramin ana yanka shi ne da zarto mai da'ira, girmansa kuma yana rubuce a takardar da ta zo da kayan. Ka tafi a hankali, kada ka danna da ƙarfi, domin ƙarfen madigadi siriri ne, idan haƙoran zarton suka cije farat ɗaya zai iya murɗe shi. Bayan yanka, ka goge kaifin bakin ramukan, ka share duk garin ƙarfen da ya zuba, musamman wanda ya faɗa cikin lungunan madigadi, sai ka shafa fentin hana tsatsa ka bar shi ya bushe sosai. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda ramin zai ɓuya a ƙarƙashin roba, sai bayan shekara biyu su ga tsatsa tana kumbura fenti daga gefe. Ƙusoshin da ake ɗaurawa a jikin sinokel suna buƙatar ɗigon gam na hana kwancewa, irin Loctite 243, kuma kada ka matse notinsu fiye da kima domin kada ka fizge mazauninsu daga cikin robar. Sai ƙarfen da ke riƙe bututun a ginshiƙin gefen gilashi: a motocin zamani wayoyi da jakar iska ta kariya sukan bi ta cikin wannan ginshiƙi, saboda haka ka sa wa bakin diril iyaka yadda ba zai nutse fiye da kaurin ƙarfen ba.

Yanzu ga inda nake son ka fi mayar da hankali. Daga kan sinokel har zuwa bakin tobo, dole ne hanyar iska ta zama a rufe ruf, domin rami ɗaya a ƙasa ya rushe amfanin duk tsawon da ke sama. A ɗaurina na farko na liƙe mahaɗar sinokel da tiyon da ke shiga akwatin filta, na ɗauka na gama. Bayan na ratsa wani rafi da ruwansa bai kai saman taya ba, sai na buɗe akwatin don dubawa kawai, na tarar da ruwan laka kwance a gindinsa, gefen filtar kuma ya jiƙe. Da na bincika sai na gano hanyoyi biyu da ruwan ya bi: ƙaramin ramin zubar da ruwa da ke gindin akwatin, wanda robar bakinsa ta tsufa ta daina rufewa, da kuma wata mahaɗa a cikin madigadi wadda aka zura kawai ba tare da kilif ba. Da ruwan ya ƙara tsawon taƙi ɗaya, ko kuma da na daɗe a cikinsa, da injin ya tafi. Tun daga ranar nake bin hanyar iskar gaba ɗaya da hannu da tocila, mahaɗa bayan mahaɗa, har da robar murfin akwatin da ramukan da ƙusoshinsa ke shiga.

Wajen liƙewa, ka yi amfani da silikon wanda aka rubuta cewa ba ya cutar da na'urorin inji, domin tururin wasu nau'o'in yana lalata na'urorin da ke auna iska da hayaƙi. Ka shafa shi a bayan mahaɗa daidai gwargwado, kada ya yi yawan da zai ɓalle ya bi iska zuwa ciki, kuma kowane tiyo ya sami kilif na ƙarfe mara tsatsa. Idan aikin ya buƙaci yanka akwatin filta, ka wanke shi tas kafin ka mayar, kada ɓurɓushin roba ya rage. Batun ramin zubar da ruwa kuwa, akwai saɓani a kansa. Wasu suna toshe shi har abada, wasu suna barin sa. Ni na fi son a sa masa abin toshewa da za a iya cirewa, domin ɗan ruwan sama da ke shigowa ta sama yana buƙatar mafita, amma a toshe shi kafin a shiga ruwa.

Bayan silikon ya bushe, sai gwaji. Hanyar da aka saba ita ce a cire kan sinokel, a tayar da inji a bar shi a silo, a rufe bakin bututun da faffaɗan katako mai santsi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan komai a rufe yake, injin zai shaƙe ya nemi mutuwa nan da nan, idan kuwa ya ci gaba da aiki, to yana samun iska ta wani wuri, kuma ta wurin ne ruwa zai shiga. Kada ka yi amfani da tafin hannu ko leda ko tsumma, kada kuma ka taka totur ko ka daɗe, domin jan zai iya matse tiyo ko ya janyo mai ta cikin tobo. Idan makanikenka yana da injin hura hayaƙi na neman yoyo, wannan ya fi aminci, kuma yana nuna maka ainihin wurin.

Sai tambayarka ta zurfin ruwa. Sinokel yana kare hanyar iska ce kaɗai, ba ya canza iyakar da masu ƙera motar suka sa mata. Ga misali, iyakar Toyota Hilux ta yanzu milimita 700 ce, ta Ford Ranger 800, ta sabuwar Land Rover Defender 900, kuma an sa waɗannan lambobi ne da la'akari da abubuwa da yawa ban da iska. Giyabos da akwatin raba ƙarfi da aksil na gaba da na baya duk suna da ƙananan ramukan numfashi. Idan aksil mai zafi ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta janyo ruwa, sai ka ga mansa ya koma fari-fari kamar madara, daga nan kuma boris da haƙoran giya su fara ci. Maganinsa shi ne a ja waɗannan ramuka da siririn tiyo zuwa can sama a ɗakin inji, kuma a ganina wannan aiki ya kamata ya tafi tare da ɗaura sinokel a rana ɗaya. Fankar inji ma idan ta bugi ruwa, fikafikanta sukan lanƙwaso gaba su yanki lagireto, shi ya sa ake ɗaura tampol a gaban mota kafin a shiga. Ka kuma san inda kwamfutar motarka da akwatin fis da altaneta suke, domin su ne iyakarka ta gaskiya.

Ruwa mai gudu kuma wani babi ne daban, domin wanda zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya ɗaga babbar mota ya tafi da ita, ko da injinta yana numfashi lafiya. Ka tsaya mota ta ɗan huce, ka auna zurfin da ƙarfin ruwan da ƙafa ko da sanda, idan ba za ka iya tsayawa a ciki ba kada ka sa mota. Idan ka shiga, ka sa ƙaramar giya ta ƙarfi, galibi ta biyu, ka tafi da gudu ɗaya wanda zai tura ɗan tudun ruwa a gabanka, kada ka taka kuloci a tsakiya. Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli ko sau ɗaya. A ja motar waje, a buɗe akwatin filta, idan an ga danshi a bayan filtar a cire hita-fulogi ko nozul a juya injin ruwan ya fita, a kuma canza baƙin mai kafin a tayar.

Bayan ka fita daga kowane ruwa, ka riƙa taka birki a hankali har ya bushe, ka buɗe akwatin filta ka duba, ka kuma duba launin man aksil da na giyabos idan ka isa masauki. Girgizar hanyar daji tana sassauta kilif da noti, don haka ka sake matse su bayan makon farko, ka kuma maimaita gwajin toshewar nan duk lokacin da wani ya cire akwatin filta don gyara. Idan ka turo mana shekarar motarka da lambar injinta da hoton cikin madigadin bayan ka cire robar, zan nuna maka mahaɗun da ya kamata ka fara liƙewa.